Tsohuwar Land Cruiser ta 1983 don hanyar gona da damina: in saya ko in haƙura?

Ɗan_Doka:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san mota. Gonarmu tana gabas da Doka, a jihar Gadarif ta Sudan, kuma duk wanda ya san yankin ya san daga inda ka sauka daga kwaltar Gallabat sai baƙar laka. Da zarar ruwan Yuli ya zauna, ƙaramar mota ba ta da abin yi a can. Bana abin ya ishe ni. Kai wa tarakta gas, kai wa ma'aikata gari da mai, duk sai na ɗauki haya, kuma mai motar haya shi ke yanke ranar da ya ga damar tafiya.

An nuna min wata tsohuwar Land Cruiser a-kori-kura, HJ47, ƙirar 1983, injin 2H mai shan gas, giya huɗu. Ta daɗe a ajiye a gidan wani dattijo a nan Gadarif, ya rasu, 'ya'yansa ke son sayarwa. Tana tashi, amma tana hayaƙi da safe, ƙasan ƙofofinta ya ci tsatsa, ƙafar gaba ta dama kuma tana zubar da wani baƙin maiƙo. In na haɗa kuɗin da suka faɗa da abin da nake hasashen gyara zai ci, ya kusa kamo kuɗin Hilux mai dama-dama. Raina yana kanta, ba zan ɓoye ba. Me kuka gani?

Usta_MaiSifana:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar kuɗi, ka koma ka gan ta da sassafe, ka ɗora hannunka a kan inji ka tabbatar da sanyinsa. Tsohuwar mota a sanyi take faɗin gaskiya. In ta tashi da farin hayaƙi na ɗan lokaci ya ɗauke, wannan ba komai ba ne a 2H, wataƙila fulogin ɗumama inji ne suka mutu, abu ne mai araha. Wanda zai ba ka tsoro shi ne shuɗin hayaƙin da ba ya yankewa ko bayan inji ya yi zafi. Wannan baƙin mai take ƙonawa, ringi sun tafi.

Sai ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai inji na aiki, ka ɗora shi a bakin ba tare da ka murɗa ba. In yana ɗan rawa a wurin, da sauran rai. In iska ta ture shi, ka sa kuɗin sauke inji gaba ɗaya a lissafinka. Lagireto ma tun tana sanyi ka cire murfi, ka tayar da mota, ka zuba ido. In kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko gaskit ne ko kan injin ya tsage, kuma kan 2H mai lafiya yanzu sai an sha yawo.

Maiƙon ƙafar gaba kuwa kada ya dame ka. Sil ɗin cikin aksul ne ya mutu, man aksul ya kwararo ya gauraya da giris. A sauya sil da boris, amma duka ƙafafun biyu za a yi, ba ɗaya ba.

Kassalawi:
Sayi Hilux ka huta malam. Kayan gyaranta ko a shagon ƙauye ka tsaya akwai.

MaiRiɗi:
Kassalawi, a yashinku na Kassala Hilux sarauniya ce, ban musa ba. Loda mata durom biyu na gas da buhunan gari ka shigo da ita lakar nan a watan Agusta, sai mu yi magana.

Baba_Hawata:
Ɗana, ni da a ce za ka ji tawa, da Land Rover na ce ka nema, mai dogon jiki, 109. Da ita aka buɗe gonakin nan tun kafin a haifi yawancinku. Jikinta na alminiyom ne, ba ruwansa da tsatsar da kake kuka da ita a ƙofa, kuma ba ta da nauyi, inda mai nauyi ta nutse ita takan lallaɓa ta wuce. Injinta na lita 2.25 ba ya gudu, amma wa ke gudu a hanyar gona? A zamaninmu mutum ɗaya da akwatin sifana yakan kwance ta a gindin bishiya ya mayar.

Usta_MaiSifana:
Allah ya ƙara maka lafiya Baba, jikin gaskiya ba ya tsatsa, amma shasinta ƙarfe ne, kuma shi ne ke ruɓewa ta ciki mutum bai sani ba. Sannan Series III, samfurin ƙarshe na irin Land Rover ɗin da kake faɗa, an daina ƙera ta tun 1985, kayanta na asali sun yi wuya a nan fiye da na Toyota nesa ba kusa ba. Sandar aksul ɗinta ma an san ta da karyewa in taya ta yi ta juyi a laka sannan ta damƙi ƙasa farat ɗaya. Wanda ya riga yana da ita ya riƙe abarsa, amma ba zan tura mai farawa can ba.

Baba_Hawata:
Wadda ke karya sanda ƙaramar ce, 88. Dogayen da suka zo daga baya aksul ɗin Salisbury ne a bayansu, wannan ba ya karyewa da wasa. Amma maganar kayan gyara na yarda da kai.

Magatakarda:
Kowa ya tafi kan inji, ba wanda ya tambayi takarda. Ɗan_Doka, kafin ka ba da ko sisin kafin alƙalami, sunan wa ke kan takardar mallakar motar? In na marigayin ne, to motar gado ce, kuma ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da ita shi kaɗai. Sai an fitar da takardar magada daga kotu, kowane mai haƙƙi ya sa hannu ko ya wakilta, har matan da ke aure a wani gari. Na ga cinikin da aka warware bayan mai saye ya gama zuba kuɗi a gyara, saboda 'yar'uwa ɗaya ba a tambaye ta ba, kuma tana da gaskiya.

Na biyu, ka kankare laka da fenti daga inda aka buga lambar shasi, ka karanta ta harafi-harafi ka gwada da ta takarda, haka ma lambar inji. In ka ga alamar walda ko goge a kewayen lambar, ka juya ka tafi. Tun kafin yaƙi kasuwa cike take da motocin da ake shigowa da su ta Libiya da Cadi ba kwastan, waɗanda ake kira Boko. Daga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke zuwa yau kuma motocin da aka kwashe daga Khartum da Madani Allah kaɗai ya san yawansu, wasu an farfasa su ana sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Ka je ofishin 'yan sandan kula da motoci da kanka a duba maka lambar, a mayar da mallaka sunanka. Kada ka tsaya a takardar wakilci ta lauya ka ce ka gama.

Jikan_MaiWurno:
Magatakarda ya taɓo abin da ke cina. Ni tsorona ba injin ba ne, siffar motar ce. Kun san abin da a-kori-kurar Land Cruiser ta zama a ƙasar nan, kowa ya san me ake ɗora mata a baya. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har ake kiransa yaƙin Toyota, ta zama motar masu bindiga. Ko a 2017 da aka yi gangamin karɓe makamai a Darfur, har da irin waɗannan motocin marasa rajista aka haɗa. Wani maƙwabcinmu an tare shi a daji an sauke shi daga tasa, ya dawo gida a ƙafa, muna gode wa Allah da ya dawo da ransa. Mai gona yana neman abin da zai kai shi ya dawo da shi, ba abin da zai sa a bi shi da ido ba.

MaiRiɗi:
Allah ya kyauta, Allah ya mayar masa da alheri. Amma Jika, waɗanda ake farauta sababbi ne, Land Cruiser ƙirar 79 da 75 masu gudu. Wannan tsohuwa mai zagayayyun fitilu da giya huɗu, in ta kai tamanin a kwalta sai ihu. Ba ita suke nema ba.

Jikan_MaiWurno:
Mai ƙwace ba ya tambayar shekarar ƙira. In dai za a saya, a bar ta da launin farar hula, kada a yi mata fenti kalar ƙasa, kada a sa baƙin gilashi, takardu kuma kullum suna cikin mota. Kuma kada magariba ta same shi a hanya.

Ɗan_Doka:
Na gode ƙwarai. Magatakarda, ka buɗe min ido, takardar da sunan mahaifinsu take, kuma suna da 'yan'uwa mata a Sinnar. Na faɗa wa babban cewa ba ciniki sai kowa ya yarda, bai ji haushi ba. Kawu Jika, maganarka ta shiga, fara ce kuma a fara za ta zauna. Usta, da safe zan je da sanyin inji kamar yadda ka ce. Amma kayan 2H fa, in ta kai ga sauke inji, daga ina?

Abu_Jidda:
Daga nan Jidda nake bin ku. Ƙananan kaya ba matsala ba ne: sil, boris, gaskit, ringi, bushin ɗin sifirin, robobin birki, ana samu, a ba wa mai shiga jirgin ruwa zuwa Sawakin ya riƙo maka. Abin da ya yi wuya shi ne manyan kaya, domin tsofaffin da suka zo Saudiyya yawancinsu masu fetur ne, injin 2F, ba gas ba. A makabartar motoci za ka iya samun ƙofa, gilashi, murfin inji, sifirin, waɗannan duk ɗaya ne da naka. Kan inji ko famfon gas na 2H kuwa sai dai ka nemi masu kawo kaya daga Sharja.

Ka sani kuma, jerin 40 ɗin nan da motar da kake so ke ciki, wanda aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, yanzu ya zama kayan marmari. Masu kuɗi a Amurka da ƙasashen Larabawa na saye suna gyarawa don ado, har kamfanin Toyota ya sanar a 2021 zai koma ƙera wasu kayanta. Wannan ya sa kayan jiki suka yi tsada, amma kuma in ka riƙe ta da kyau ba za ta faɗi a hannunka ba. Ka turo lambar shasi kafin a saya maka komai, don kaya na bambanta daga shekara zuwa shekara.

Usta_MaiSifana:
In ka samo kaya kada ka bi araha a kan sil da boris. Na jabu damina ɗaya ba ya kaiwa, kuma kuɗin aiki sau biyu za ka biya.

Inna_Mafaza:
Ku yi haƙuri in sa baki a maganar maza. Ɗana, ka ce gas da gari za ka riƙa kaiwa. Ni na san abin da zai faru: ranar da ka mallaki motar da ke iya fita da damina, ka zama motar asibitin duk ƙauyukan da ke kusa da kai. Mu nan bakin kogin Rahad mun san wannan. Mace na naƙuda ta gagara, yaro maciji ya sare shi a gona, ko zazzaɓin kala-azar ya kwantar da mutum, ba abin hawa sai bayan tarakta, ana jijjiga shi ruwa na dukansa. Na riƙe kan wata yarinya a cinyata a irin wannan tafiyar, ba na fatan kowa ya gani. Saboda haka in ka gyara ta, don Allah ka sa mata rumfa ta ƙarfe da tamfol mai kyau a baya, da katifa ko da siririya ce, da fitilar da ke aiki. Kuma ka bar gas a ajiye wanda ba a taɓa shi sai irin wannan dare.

Ɗan_Doka:
In sha Allahu Inna, na ɗauki wannan alkawari. Rumfar za ta shiga lissafi tun farko.

Baba_Hawata:
Allah ya yi miki albarka Hajiya. Abin da ya sa muke son mai rufaffen jiki ke nan a da.

Direban_Sifinja:
Bari in rage muku zafi kaɗan. Shekaruna a kan babbar mota na yi su a hanyoyin nan, kuma ina gaya muku akwai ranar da ba motar da ke shiga. In aka kwana ana ruwa, lakar Gadarif ba ta san Land Cruiser ba, ba ta san Land Rover ba. Tana liƙe wa taya, ta cika zanen, ta yi ta taruwa har ta toshe tsakanin taya da bodi, ƙafa ta daina juyawa. Ka jira rana ta bugi ƙasa, saman ya yi ɓawo, sannan ka bi. Kuma mutane na ruɗuwa da cewa ƙafa huɗu ke ja. In ba makullin aksul a motar, kuma wannan ba ta da shi, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya ne za su yi ta juyi a banza, sauran biyun na tsaye. Abokinka na gaskiya shi ne mai tarakta, ka riƙe lambarsa.

Kassalawi:
Shi ya sa na ce a sa mata faffaɗan taya, ta hau saman laka.

Direban_Sifinja:
A'a. Faffaɗa na yashi ne, can ne kake rage iska taya ta baje ta hau sama. A baƙar laka siririya doguwa ake so, 7.50-16 mai manyan haƙora, ta yanka ta sami ƙasa mai ƙarfi. Faffaɗa laka kawai take ƙara kwasa, kuma motar nan sitiyarinta na ƙarfin hannu ne, kafaɗarsa za ta gaya masa.

MaiRiɗi:
Nan kam ban bi ka duka ba Direba. Akwai wuraren da ba ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi, siririya sai ta haƙa wa kanta rami har aksul ya zauna. Ni abin da ya fi min amfani sarƙar taya ce a ƙafafun baya. Maƙera a unguwar kanikawa suna haɗa ta. Ka ɗaura kafin ka shiga wurin, ba bayan ka kafe ba, ka cire da ka fito.

Ɗan_Doka, ka lura da lokaci kuma. Motar nan ranar da za ka fi bukatarta ita ce lokacin yankan riɗi a Oktoba. Riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, kwanaki kaɗan kwanso ya fashe ya zube. Lokacin kowa ke neman ma'aikata da motar kwasarsu. In ka fara gyara a makare, ranar za ta same ta a kan duwatsu a gareji. Ka saya da rani, ka gama da rani.

Usta_MaiSifana:
Tunda an zo maganar kafewa da ruwa, ga abin da nake yi wa duk motar gona da ta shigo hannuna. A saman kowane aksul akwai ɗan bututun numfashi. In aksul ya yi zafi ka faɗa ruwan sanyi da shi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. Ka kwance magudanar ka ga mai ya koma kamar shayi da madara, haƙoran ciki kuma suna cin juna. Maganin robar tiyo ce, a jawo numfashin gaba da na baya da na giya har sama cikin ɗakin inji. Kuɗinta bai kai na abincin rana ba.

Birkinta in na ganga ne ƙafa huɗu, laka na shiga ta zauna, sai an buɗe an wanke bayan kowace muguwar tafiya, in ba haka ba za ta cinye takalmin birki. A kwalta kuma a cire giyar ƙafa huɗu, a buɗe makullan ƙafar gaba. Ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, in ka bar ta a haɗe a busasshiyar hanya ƙarfen ciki ne ke murɗewa.

Wajen ja, kada a taɓa ɗaura sarƙa a bamba ko a ƙwallon jan tirela. A ƙugiyar da ke jikin shasi ake ɗaurawa, kowa ya ja baya nesa. Sarƙar da ta tsinke a bayan tarakta tana kashe mutum.

Direban_Sifinja:
Da rafi kuma. Ruwan da ke saukowa daga tsaunukan Habasha yakan cika rafi ko ba a yi ɗigo a inda kake ba. Sauka ka shiga da ƙafa da sanda. In ya kai maka cinya ko yana janka, zauna ka jira, yakan janye. Injin gas in ya shaƙi ruwa ko kofi ɗaya ne, sandar fistin ta lanƙwashe, shi ke nan.

Ɗan_Doka:
Na dawo da labari. Inji a sanyi na same shi. Farin hayaƙi ya yi ya ɗauke, murfin baƙin mai yana rawa amma bai faɗo ba, lagireto ba kumfa. Lambar shasi ta dace da takarda, ba alamar taɓi. Amma da na shiga ƙarƙashi da guduma ina ƙwanƙwasawa, kusa da inda sifirin baya na hagu ke rataye sautin ya mutu, na tura sukundireba ta shige. Cikin shasin cike yake da busasshiyar laka. Wani abu kuma, ba a kashe ta da makulli, wata waya ake ja a ƙarƙashin sitiyari.

Usta_MaiSifana:
Injin ya ci jarrabawa, alhamdulillahi. Wayar nan: 2H na zuwa da ɗan motan lantarki da ke buɗe gas ya rufe, shi ne kuma ke kashe inji da kansa in ƙarfin baƙin mai ya faɗi. Nata ya mutu aka sa waya. Za ta yi aiki haka, amma ka rasa mai gadinka, don haka ka sa agogon baƙin mai da na zafi masu kyau, idonka a kansu.

Shasin ne maganar. A wanke cikinsa tas da ruwa mai ƙarfi tukuna, don ramin da ka gani ƙila yana da 'yan'uwa. In wuri ɗaya ne, a yanke ruɓaɓɓen har a kai ƙarfe mai rai, a sa sabo mai kaurinsa, a ƙarfafa da faranti. Ba a liƙa faci a kan tsatsa. Ka duba wajen akwatin sitiyari ma ko akwai tsaga.

Kassalawi:
Shasi mai rami, ga gado, ga kayan gyara sai daga Sharja. Ni dai ina nan kan bakata.

Abu_Jidda:
Ni da ni ne, da na rage musu kuɗi saboda shasin, na ajiye ragowar don injin 1HZ nan gaba. Lita 4.2 ne, tun 1990 ake yinsa, kayansa ko'ina akwai, ya fi 2H ƙarfi.

Usta_MaiSifana:
Abu, kada ka sa shi cire inji mai lafiya. 1HZ inji ne na kirki, amma yana da bel na tayimin da sai an kiyaye lokacin sauya shi, in ya tsinke bawul sun tafi. 2H haƙora ne ke juya shi, ba bel. Famfon 1HZ kuma gas ɗin da ke bi ta cikinsa shi ne man shafawarsa, ka ba shi gas ɗin durom mai ruwa da ƙura ka gani. Na 2H da baƙin man inji yake shafawa, ya fi haƙuri da irin gas ɗin da muke samu a daji. Sannan sauya inji sai an koma an gyara takarda.

Magatakarda:
Wannan gaskiya ne, lambar inji na cikin takarda. Ɗan_Doka, matan Sinnar sun amsa?

Ɗan_Doka:
Ɗaya ta amsa, ɗayar mijinta ya ce sai ya zo ya ga motar da idonsa, wataƙila ma shi yake so. Na roƙi babban ya bari a wanke shasin a kuɗina kafin nan, ya yarda. Usta, in na kawo ta garejinka bayan sallar Juma'a za ka samu shiga ƙarƙashinta?

Usta_MaiSifana:
Kawo ta Asabar da safe, ramin gareji a cike yake ranar Juma'a. Ka taho da mai waldar da ka yarda da shi ya gani da idonsa, shi zai faɗa maka kuɗin ƙarfen kafin ka koma wajen magada.